Ranar da Malam Garba Ya Ce Da Sauƙi

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi, musamman ranar suna ko biki in an ci an ƙoshi baki ya buɗe. Wai an ɗauke uwarku daga ɗakin kula da tauraro an mayar da ita sashen horaswa saboda taurin kai, wai ta ƙona man gwamnati ba da izini ba. Ban taɓa tanka musu ba, don mutumin da bai san bambancin tauraron ɗan'adam da Zara matar wata ba, ta ina zan fara da shi? Taurin kai kam ina da shi, wannan Inna ta shaida tun ina goye. Amma yanzu da gwiwa ta fara ƙin hawa bene, karatu kuma sai da tabarau, gara ku ji daga bakina yadda abin ya faru, ku yanke naku hukuncin.

A lokacin muna zaune a Karu, babbarku tana firamare, autanku ko yaye shi ba a yi ba, Inna kuma ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar kakanku. Ni ina aiki a wata hukuma ta gwamnati a bayan gari, inda ake kula da tauraron da ƙasar nan ta harba. Ba wani babba ba ne, bai fi firiji girma ba. Aikinsa ya zagaya duniya yana ɗaukar hoton ƙasa, gonaki da koguna da inda ruwa ya ci gari. To saman nan da kuke gani fes, bola ce. Gutsattsarin rokoki, taurarin da suka mutu, ƙusoshi da ɓaraguzan ƙarfe, duk suna can suna gudun da ko harsashi bai kama ƙafarsa ba, kuma abu kamar goro in ya sami tauraro ya gama da shi. Mu ba mu da na'urar ganin waɗannan tarkace. Wasu masana ne a ƙasashen waje ke bibiyarsu, in sun hango wani zai gifta kusa da namu sai su aiko da sanarwa, ga lokaci, ga tazarar da suke hasashe, ga kuma iyakar kuskuren da hasashen zai iya yi. Aikina shi ne in haɗa lambobinsu da namu in yi lissafi, in kai wa darakta rahoto, a bar tauraro inda yake ko a kauce. Kaucewa ita ce a kunna ɗan injinsa a ɗaga shi ko a sauke shi kaɗan. Wannan na cin mai, mai kuwa babu gidan sayar da shi a sama, wanda aka harba shi da shi, shi ke nan har mutuwarsa. Shi ya sa ba a kaucewa sai darakta ya sa hannu. Abin da ya fi ci mini rai a aikin shi ne lissafin bai taɓa cewa zai buge ko ba zai buge ba. Wataƙila kawai yake cewa, wata babba, wata ƙarama.

Mu biyu ne a kan wannan aiki, ni da Malam Garba, Bakano mai ladabin da har yakan gajiyar da mutum. In kin taka ƙafarsa shi zai ba ki haƙuri. Ni kuwa Bazazzagiya, kun san tsakaninmu da Kanawa, kullum sai na tsokane shi cewa ko rahoto zai rubuta sai ya fara taya shi kamar atamfa a kasuwa. Daraktanmu, wanda muke kira Oga Dakta, mutumin kudu ne, mai kirki da son raha, ya koyi Hausarsa a nan Abuja wurin direbobi da masu gadi, kuma yana alfahari da ita. Shi ya fito da wani wasa a ofis. Duk sanda sanarwa ta zo sai ya ce tauraro ya kwanta rashin lafiya, ya leƙo ɗakinmu yana cewa, "Madam Hauwa, yaya mai jiki namu? Ta ci abinci?" Mu yi dariya, sannan in buɗe masa takardu in nuna masa lambobi. Sanarwa tana zuwa a kai a kai, kusan duka kuma kafin ranar sai tazarar ta buɗe, a rufe fayil. Har muka saba.

Ana tsakiyar damina, a shekarar da koguna suka yi ambaliya ake ta neman hotunan tauraron don a san garuruwan da za a fara kai wa ɗauki, wata sanarwa ta zo ranar Laraba. Wani guntun tsohuwar roka ne zai gifta ranar Juma'a, daidai lokacin da ake masallaci. Da na yi lissafin farko sai na ƙi yarda da shi. Na sake yi. Na ba Malam Garba ya yi nasa ba tare da ya ga nawa ba, muka haɗa, suka fito iri ɗaya. Ban taɓa ganin tazara ƙarama haka ba, kuma wurin da ake zaton guntun zai bi ya rufe hanyar tauraronmu gaba ɗaya. Na kai wa Oga Dakta, ya daina murmushi, ya ce mu jira sanarwa ta gaba, don hasashe yakan gyaru in lokaci ya matso. Gaskiya ya faɗa, haka ƙa'idar take. Sai dai akwai abin da kowa a ɗakin ya sani. Tauraron ba ya jin mu sai in yana wucewa ta saman Abuja, na ɗan lokaci kaɗan, kuma wucewar hantsin Juma'a ita ce dama ta ƙarshe da za mu iya aika masa umarni.

Ranar da magariba na kasa cin tuwo. Babanku ya lura, ya tambaya, na yi masa bayani a hankali, na manta Inna tana kan dardumarta tana jan carbi da kunne a buɗe.

"Kulu, me kika ce zai yi karo a sama?"

"Ƙarfe ne, Inna, can nesa. Ba abin da zai same mu."

"In ƙarfe ya yi karo da ƙarfe ai faɗowa zai yi. Kuma kwanon gidan nan ko ƙanƙara ba ya iya tarewa. Inna lillahi. Ni dai a shigo da yaran nan daga tsakar gida."

Na yi ta rantse mata cewa ba zai faɗo Karu ba, amma ranar ba wanda ya sake taka tsakar gida, har wankin da ke kan igiya ta sa aka kwashe. Babanku ya yi dariya, daga baya da muka keɓe ya ce da ni, "To ke in ba zai faɗo kan kowa ba, me ya hana ki cin abinci?" Na ce masa ƙasa guda ce ta tara kuɗi ta harba abu ɗaya, aka ce ni in riƙa duba masa hanya. In ya tarwatse babu wani, kuma gutsattsarinsa za su zama masifa ga taurarin wasu har bayan ranmu. Sai ya ce Allah Ya tsare, in yi abin da ilimina ya nuna mini. Tsoro nake ji ƙwarai, irin wanda ke sa tafin hannu gumi.

Ranar Alhamis sanarwa ta biyu ta zo, ba ta gyaru ba, ta ma ɗan ƙara muni. Na shige ɗakin kwamfuta na rufe ƙofa ina tsara yadda za a kauce, don wannan ma wani tashin hankali ne. Tunda ba a san takamaimai inda guntun zai bi ba, kina iya ɗaga tauraro da hannunki ki kai shi daidai bakin abin da kike gudu. Gaba kura, baya sayaki. Ina can ciki ban san an yi wa Oga Dakta rasuwa ba, yayansa ne ya rasu a garinsu, ya fita a gurguje. Yana hanyar filin jirgi bayan la'asar ya kira wayar ofis, Malam Garba ya ɗauka.

"Malam Garba, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi. Ya haƙuri? Allah Ya ba da haƙuri."

"Da sauƙi? Kai, na gode wa Allah. Shi ke nan, sai na dawo."

Ya kashe waya. Ku da kuka tashi a gidan Hausa kun san abin da ya faru. Ba a tambayar Bahaushe mai jiki ya ce wani abu ban da da sauƙi, ko da ana ɗiga wa majinyacin ruwa a baki da cokali. Gaisuwa ce, bayanta ake zama a faɗi gaskiyar ciwo. Malam Garba ya amsa gaisuwa yana jiran tambaya, balle ga mutumin da aka yi wa rasuwa, ba ka tare shi da mugun labari tun kafin ka yi masa ta'aziyya. Oga Dakta kuwa Hausar da ya koya ba ta kai nan ba. Shi a wurinsa sauƙi sauƙi ne, ya ɗauka rahoto aka ba shi. Kafin ya hau jirgi ya kira mataimakinsa Mista Danladi ya ce masa matsalar ta wuce, kada a taɓa mai. Malam Garba ya yi ta kiran wayarsa bayan haka, a kashe. Ya ce a ransa gobe da safe za a same shi, bai faɗa mini ba don kada ya ƙara mini damuwa.

Juma'a na fito tun bayan asuba don in riga cunkoson Nyanya, duk da haka sai da na tsaya a gada ina kallon agogo. Na isa na tarar da sanarwa ta uku. Da na karanta ta sai na ga ta fi ta jiya muni. Na kwashi takardu na nufi ofishin darakta, na tarar a kulle, a nan na ji labarin rasuwa. Na juya wurin Mista Danladi, mutumin kirki ne amma ko biro ba ya ɗauka sai ya ga wanda zai jingina da shi.

"Madam, ai an gama wannan magana. Oga ya ce da sauƙi."

"Wa ya ce da sauƙi? Ga lambobi, Yallaɓai, duba da idonka."

"Ni ban san lambobi ba, na san oda. Oga ya ce kar a taɓa mai. In kin kunna inji kika kai shi ya buge fa? Wa zai amsa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi, Madam."

Malam Garba yana tsaye a bakin ƙofa. Da ƙyar ya buɗe baki ya faɗi yadda suka yi a waya. Wallahi da ba don tsoron da ya cika mini ciki ba, da na yi dariya har na faɗi, ko kuma na rufe shi da faɗa. Ban yi ko ɗaya ba. Muka yi ta kiran Oga Dakta, muka kira direbansa, muka kira matarsa, ashe suna coci ana addu'ar gawa, garin kuma sabis ɗinsa sai an hau tudu. Mista Danladi ya yarda kuskure aka yi, amma ya ce shi ba zai warware maganar oga da hannunsa ba, a jira. Hantsi kuwa ba ya jiran kowa. Ta taga ina ganin ƙaton farantin da ke harabar ofis, wanda da shi muke magana da tauraron, ya fara juyawa yana neman inda tauraron zai ɓullo.

Ba zan ce muku na yi jarumta ba. Bugun farko kuskure na yi, sai da na goge umarnin na sake bugawa. Ƙa'idar ɗakin ita ce mutum ɗaya ya buga, na biyu ya duba ya tabbatar, sannan a aika. Na dubi Malam Garba na ce, "Sunana za a rubuta, ba naka ba. Kai dai duba mini ko na yi kuskure." Ya sunkuya ya bi layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓɓansa na motsi, ban sani ba ko lambobin yake karantawa ko addu'a. Ya ɗago ya ce, "Daidai ne, Hajiya. Bismillah." Na aika. Tauraron ya amsa cewa ya karɓa, jim kaɗan ya zagaya bayan duniya, muka daina jin sa.

Daga nan babu abin yi sai jira, kuma ban taɓa sanin jira irin wannan ba. Akwai wata tasha a can arewacin duniya da muke da yarjejeniya da ita, tana saurarar mana tauraron amma ba ta aika masa umarni, ita ce za ta fara jin sa wajen la'asar. Maza suka tafi masallaci, Malam Garba ya tafi yana waiwaye. Aka bar ni da Mista Danladi, shi a wancan gefe ni a wannan. Lokacin giftawar ya zo. Ba ƙara, ba haske, fanka tana juyawa yadda take yi kullum, wani mai gyaran furanni yana ta aikinsa a waje. Abin da zai faru ya riga ya faru a can sama da kawunanmu, ni kuma ban san ko na ceci tauraron ba ne ko ni na kai shi. Na yi azahar a kusurwar ɗakin, har yau ban san me na karanta a sallar nan ba. Na riƙa ganin fuskarku, ina tunanin yadda za a riƙa nuna ku a makaranta ana cewa ga 'ya'yan matar da ta fasa tauraron ƙasa. Inna ta kira ni a waya ta ce ta tara ku a ɗakinta ta rufe taga, wai ya wuce ne ko da saura? Na ce mata ta ci gaba da addu'a.

Ana kiran la'asar layukan lambobi suka fara gangarowa a allon kwamfuta. Batir lafiya, zafin jiki daidai, yana sabuwar hanyar da na ɗora shi. Malam Garba ya yi sujada a kan simintin ɗakin. Mista Danladi ya cire tabarau yana goge ido yana cewa an gode wa Allah. Ni kuwa na fita bayan ofis na yi amai.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Oga Dakta ya dawo, ya ji komai, ya riƙe kai. Bai yi mini faɗa ba, har ya ce a ɓoye da shi ne a kujerata abin da zai yi ke nan. Amma an ƙona mai ba sa hannu, maganar ta kai sama, aka kafa kwamiti. Malam Garba ya tashi a gabansu ya faɗi nasa da bakinsa, bai rage komai ba. Hausawan da ke kwamitin suka ƙyalƙyale da dariya, shugabansu ya ce to wa zai hukunta mutum don ya amsa gaisuwa? Shi ma Oga Dakta ba a ga laifinsa ba, an ce masa da sauƙi ya ji da sauƙi. Sai aka juyo kaina. Shugaban, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce:

"Hajiya, tambaya ɗaya ce. Za ki iya rantsuwa cewa da ba ki kauce ba da guntun nan ya buge shi?"

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

"To za ki iya cewa da an bar shi da ya wuce lafiya?"

"Shi ma ba zan iya ba. Ba wanda zai iya, har waɗanda suka aiko da sanarwar."

Ya dube ni da tausayi, ya rubuta abin da ya rubuta. Man da ya ƙone ana iya auna shi, karon da bai faru ba kuwa ba shi da shaida. Ba a kore ni ba, ba a rage mini girma ba, aka dai ce in koma sashen horaswa in riƙa koyar da sababbin ma'aikata. A can na ƙarasa aikina. Na koyar da yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da nake fara gaya musu shi ne in ana maganar sanarwa, a yi gaisuwa a gama, sannan a faɗi lamba da baki, wanda aka faɗa wa ya maimaita. Amma ban sake zama a kujerar nan ba, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna muku. Na fi shekara ina kauce wa barandar da ke bi ta gaban ɗakin.

Saura abu ɗaya da dangi ba su sani ba, kuma shi ya fi nauyi. Tauraron ya ci gaba da aiki shekaru, ya ɗauki hotunan ambaliyar nan da wasu bayanta. Amma an tsara tun farko cewa in ya tsufa za a yi amfani da ragowar mansa a sauko da shi ƙasa ƙasa, don iska ta ja shi ya ƙone, kada ya zama shara. Da lokacin ya zo, man bai isa ba. An yi wasu kauce-kaucen bayan nawa, da sa hannu, amma nawa ne mafi girma, kuma ba zan ce ba ya cikin abin da ya jawo ba. Aka sauke shi iya inda man ya kai, aka kashe shi, aka bar shi a can.

Bara, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, Malam Garba ya kira ni. Shi ma ya kusa ritaya, furfura ta cinye masa gemu. Muka gaisa, na tsokane shi, bai rama ba. Ya ce masu bibiyar tarkace sun aiko musu da kwafin wata sanarwa don su sani kawai. Tauraron wata ƙasa ne, sabo, mai rai, wani mataccen ƙarfe zai gifta kusa da shi jibi. Ya karanto mini lambar mataccen ƙarfen. Ban bari ya kai ƙarshe ba, na san ta kamar sunayenku, ta tauraronmu ce.

Na tambaye shi ko akwai abin da za a iya yi daga nan. Ya ce babu, Hajiya, ai ba ya jin kowa yanzu. Na ajiye tiren shinkafar. Na san a wani gari da ban taɓa zuwa ba akwai wani ko wata da ke zaune gaban kwamfuta da gumi a tafin hannu, ya kasa cin abinci, yana lissafin inda abin da na ceta zai bi. Malam Garba ya ce zai kira ni jibi in an ji labari. Na ce masa to, amma ya faɗa mini lambar tazarar tukuna, ya faɗa, na maimaita. Ƙarama ce ƙwarai.